Ƙwallayen Sista A Kwallar Inna

Ranar da aka ba mu hutun zangon farko, ko akwati ban kwance ba Baba ya ce in shirya, gobe da sassafe zan tafi Kano in taya Inna aikin ɗaki. Inna ita ce mahaifiyar Baba, kuma duk jikokinta mata mun san abin da ake nufi da aikin ɗaki: a sauke jerenta kaf, a wanke, a goge, a mayar da kowane kwano mazauninsa. Ga al'ada gab da Sallah ake yi. Bana kuwa akwai bikin 'yar Baffa a ƙarshen Disamba, baƙi za su cika gida, Inna kuma ta ce ba za a shigo mata ɗaki a tarar da ƙura ba. A raina na ce wanke kwano a tsakiyar hunturu ai shara ce a kasuwa, amma wa ya isa ya faɗa?

Da muka taso daga Zariya hazo ya rufe ko'ina, direba bai kashe fitila ba sai da muka wuce Tashar Yari. Muka bi ta Kwanar Ɗangora, muka ratsa Kura, ni dai ina ƙudundune cikin hijabi saboda iskar da ke shigowa ta gilashin da ya ƙi rufuwa. A Unguwa Uku aka sauke mu, na tari A Daidaita Sahu, muka miƙe titin Zariya muka nufi cikin gari.

Ga wanda bai san Kano ba, Gyaɗi-Gyaɗi tana cikin ƙaramar hukumar Tarauni, a kan wannan titi na Zariya, kafin a kai gadar Dangi inda titin Gidan Zoo ya ɓullo. Babbar alamarta ita ce Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, Kanawa kuma ba sa wahalar da bakinsu, Asibitin Malam kawai suke cewa. Asibitin nan shi ya rina unguwar. Ko'ina ka duba kemis ne, ko ɗakin gwajin jini, ko wurin ɗaukar hoton ciki. A bakin titi ga masu lemo da kankana da ayaba suna jiran 'yan dubiya, ga masu fulas da bokiti da tabarmar roba suna jiran 'yan jinya. Ƙanena yakan ce daga gyangyaɗi aka samo sunan unguwar. Da ya taɓa kwana ɗaya a kusa da Court Road, ya ji hon ɗin motoci da jiniyar motar asibiti har tsakar dare, da bai faɗi haka ba.

Amma da ka bar bakin titi ka shiga lungu, sai ka ga wata Gyaɗi-Gyaɗin dabam: tsofaffin gidaje masu zaure da dakali, darbejiya a ƙofar gida, almajirai sun kewaye wuta suna jin ɗumi. Inna ta ce da suka taso daga Yakasai suka dawo nan, a farkon shekarun 1970, gonakin gero da dawa ne a bayan gidansu, 'yan uwanta na cikin birni har kuka suka yi wai an kai ta daji. Yau dajin nan kowane taku nasa kuɗi ne. Gidaje uku a layinsu an rushe su an yi shaguna masu hawa biyu.

"Ga kishiyata Bazazzagiya ta iso," in ji Inna tun ina zaure. "An zo a ci mana tuwo a koma a ce Kano ba daɗi."

Na ce, "Inna, ai aiki na zo yi, ba ci ba."

Ta ce, "Za mu gani."

Ɗakin Inna sai an tsaya an kwatanta shi, don da yawa daga cikinmu ba su taɓa ganin irinsa ba, kuma nan da 'yan shekaru ko an nema ba za a samu ba. Da ka ɗaga labule, bangon da ke fuskantarka ba ka ganin bango. Daga ƙasa manyan kwallaye ne masu murfi, guda 9, an jera su uku-uku. A kansu samiru, a kan samiru langa-langa, kowane sahu yana ƙanƙancewa har ya kusa taɓa rufi, ja da shuɗi da ruwan ɗorawa, wasu da zanen fure, wasu da tsuntsu, wasu da kifi. A hannun dama akwai kabad mai gilashi inda tangaran suke, farantai da kofunan shayi waɗanda ban taɓa ganin an sha komai da su ba. A can saman kabad ɗin kuma tasoshi 4 na tagulla, aikin maƙeran Bida, gadon mahaifiyarta. Gadon ƙarfe mai rumfa na gefe guda, da tudun katifu har sai an taka kujera ake hawa.

Wanda ya iya karanta jere, tarihi yake karantawa. Kakannin kakanninmu da ƙore da akussa da fayafai suka yi nasu. Sai tasa ta shigo, ta zama ta 'ya'yan masu hali. Sai langa da samira suka zo a jirgin ruwa daga Turai da Hong Kong, daga baya aka fara yin su a nan gida. A 1960 aka kafa kamfanin irin waɗannan kwanuka a Ikeja ta Legas, Kano ma ta samu nata masana'antar. Zamanin iyayenmu tangaran da kabad suka karɓe, yanzu kuwa amarya kuloli take jerawa a kicin, ɗakinta daga kujeru sai talabijin. A tsofaffin soraye na cikin birni har yau akan ga faranti a manne a tsakiyar rufi, inda bakan gizo ya haɗu, wato har magina ba a bar su a baya ba wajen ado da kwano.

Kuma ba ado kaɗai ba ne. Kayan ɗaki na mace ne, ba na mijinta ba, shi ne asusunta. Inna ta nuna mini wani gurbi a sahu na biyu inda launin samirun ya bambanta da na 'yan uwansu. Ta ce na asalin ta sayar da su shekarar da Baba ya shiga sakandare, aka yi masa akwati da katifa. Bayan shekara shida ta yi adashi ta cike gurbin, amma ba ta samu irin zanen ba. Ban sani ba sai ranar, kuma na tabbata Baba kansa bai sani ba.

Shi ya sa maganar Baffa take ɓata mata rai. Tun bara yake cewa a kwashe tarkacen nan a kira 'yan gwangwan su auna, a yi wa ɗakin tayil, a sa mata kujeru da fanka mai tsayuwa kamar sauran iyayen mutane. Ba da mugunta yake faɗa ba, har kuɗin ya ware. Shi dai a wurinsa tsofaffin kwanuka ne da ke tara ƙura da kyankyasai, kuma gaskiya suna tarawa.

Muka fara aiki washegari bayan an karya. Dokokin Inna ba su da yawa, amma ba sassauci. A shimfiɗa tabarma da tsohon bargo a tsakar gida kafin a sauke ko ɗaya. Hannu biyu, kwano ɗaya. Ba a ɗaukar kwano ta murfinsa, ba a ɗaukar kofi ta hannunsa. Ba a sa soson ƙarfe. Tasoshi da tsamiya da toka ake dirje su har su yi ido, sauran kuwa ruwan sabulu mai ɗumi da tsumma mai laushi, a kife su su tsane sarai kafin a mayar, don ɗigon ruwa ɗaya in ya samu inda fenti ya ɓamɓare, tsatsa ta samu ƙofa ke nan. Ita tana zaune a kan kujera tana jan carbi tana lura, ko ƙara kaɗan ta ji sai ta ce, "Wane ne ya yi magana?" Haka take cewa, kamar mutane.

Wajen azahar na iso sahun ƙasa. Na buɗe kwalla ta farko, zannuwa ne na da. Ta biyu, turaren wuta da wasu takardu. Da na buɗe ta uku sai na ga gwangwanin biskit mai kusurwa huɗu, duk fentinsa ya koɗe, an ɗaure shi da ƙyalle, an kewaye shi da tsummoki ta kowane gefe don kada ya motsa. Na ɗaga, na ji kamar ba komai a ciki. Har na kai hannu zan girgiza.

"Kul!" in ji Inna, har carbin ya faɗi. "Ajiye. Ajiyar mutane ce. Yau nawa ga watan Bature?"

Na ce 21.

"To ai lokaci ma ya yi. In kin yi salla ki kai wa Sista kayanta. A hannu za ki riƙe, ba a ka ba."

Sista maƙwabciyar Inna ce, katanga ɗaya ta raba su. Tun ina ƙarama nake ganinta, doguwar tsohuwa mai farin gilashi, mai Hausa kamar ta littafi. Ma'aikaciyar jinya ce da ta yi ritaya, shi ya sa kowa ke ce mata Sista, kuma rabin yaran layin a hannunta aka yanke musu cibiya. Na san Kirista ce, amma ban taɓa tambayar kaina daga ina take ba. Abin da ya haɗa gwangwaninta da kwallar Inna kuwa, a taƙaice Inna ta ba ni, don ba ta son tuna lokacin. A watan Mayu na 2004, da rikici ya ɓarke a Kano bayan abin da ya faru a Yelwan Shendam, Sista da 'ya'yanta suka tsallako ta katanga suka kwana biyu a wannan ɗaki, a bayan gado mai rumfa, kafin marigayi Kaka ya samu mota ya fitar da su. Ba ta ɗauko zane ba, ba ta ɗauko takardun aiki ba, wannan gwangwanin kaɗai ta rungumo. Da ƙura ta lafa ta dawo, sai ta ce a bar shi inda yake: kwalla na da murfi, ɓera ba ya shiga, jikoki ba sa taɓawa. Tun daga nan kowace shekara ake kai mata kwana kaɗan kafin Kirsimeti, a farkon Janairu ta dawo da shi.

Na san a cikin masu karatu akwai wanda zai ɗaga gira a nan, don ni ma na ɗaga. Na ce, "Inna, in ta ce in taya ta fa?" Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Coci na aike ki? Tsohuwa ce mai ciwon gwiwa, ba ta iya hawa kujera. Ita da addininta, ke da naki. Ranar Sallah wa ke zuwa yanka mana albasa?"

Na tarar da Sista a falonta, ta tura tebur gefe, ta kafa wata 'yar bishiyar roba koriya a cikin bokitin yashi. Ɗanta ne ya saya mata a kasuwar Sabon Gari shekarun baya. Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Mama, ga saƙo in ji Inna." Ta karɓa da hannu biyu, ta ɗora a cinya, ta ce in kashe fanka, in rufe ƙofa saboda kyanwa, in ɗauko bargon da ke kan gado in shimfiɗa a gindin bishiyar. Sai na ji kamar ban bar tsakar gidanmu ba.

A cikin gwangwanin auduga ce, a cikin audugar wasu ƙunshe-ƙunshe na tsohuwar jarida da ta yi ja don tsufa. Na duba, ashe Gaskiya Ta Fi Kwabo ce, jaridar nan da aka fara bugawa a Zariya a 1939. Wannan shi ne karo na farko da na taɓa ta da hannuna, ita ma ba don in karanta ba. Sista ta warware ƙunshi na farko, sai ga wani ƙwallon gilashi ja, bai fi lemon tsami babba ba, yana sheƙi kamar madubi. Na ga fuskata a jikinsa, hanci ƙato, ɗakin duka ya lanƙwashe ya shige ciki. Ta ɗora mini a tafin hannu. Wallahi ƙwan kaza ya fi shi nauyi nesa ba kusa ba, kusan a ce ɓawon ƙwai ne da aka shanye.

Guda 7 ne. Jajaye biyu, ɗaya ruwan azurfa, ɗaya shuɗi wanda gefensa ya lotsa ciki kamar fure, ɗaya mai siffar ƙararrawa, ɗaya mai gurzuwa kamar ɗan abarba, sai wani ɗan tsuntsu mai jelar zaren gilashi da ɗan maƙali a ƙafarsa. Fentin wasu ya fara zubewa, wasu cikinsu ya yi dishi-dishi kamar tsohon madubi.

"Da 12 ne," in ji Sista. "Daga Wusasa suka zo."

Na ce, "Wusasa ta Zariyarmu?"

Ta yi dariya ta ce, "Ta Zariyarmu dai. Ni ma Bazazzagiya ce, Hajiya ba ta gaya miki ba? Shekara hamsin tana tsokanata."

Kunya ta kama ni. Sau nawa na wuce ta gefen dutsen Wusasa ban taɓa shiga ba. A bakin Sista, a Kano, na fara jin tarihin wurin: yadda Likita Mila, wato Walter Miller, ya zauna a birnin Zariya tun 1905, yadda mishan ɗin ya koma Wusasa a 1929, aka gina cocin Saint Bartholomew da ƙasa, ginin Hausa sak, wanda har yau yana nan tsaye. A can Janar Yakubu Gowon ya tashi. Akwai gidajen Hausawa da Fulani Kiristoci da suka yi zuriya a wurin, Sista daga cikinsu take. Mahaifiyarta ta yi aiki a asibitin garin, wata Baturiyar Ingila da suka yi aiki tare ita ta bar mata kwalin ƙwallayen da za ta koma ƙasarsu. Sista ta ce a jikin kwalin na asali an rubuta cewa a Jamus aka yi su.

Ta ce lokacin suna yara ba ruwansu da bishiyar roba. Busasshen reshe ake sarowa a kafa a gwangwanin yashi, a yayyaga auduga a manna a jiki wai dusar ƙanƙara, alhali ba wanda ya taɓa ganin dusar ƙanƙara a cikinsu. "Tamu ƙanƙarar ai ga ta nan," ta nuna ƙurar da ta kwanta a kan taga.

Biyar ɗin da suka tafi kuwa, kowanne ta san ranarsa. Ɗaya a cikin akori-kura ranar da ta taso zuwa Kano. Biyu ɗanta ne ya buga ƙwallo a falo. Ɗaya kyanwa. Ɗaya kuma haka kawai aka buɗe aka tarar ya tsage, ba wanda ya taɓa shi.

Na hau kujera, tana miƙo mini ɗaya-ɗaya tana ba ni umarni. Ba a wanke su da ruwa ko kusa, fentin waje yake, yana jin danshi zai bi yatsa. Da gashin kaza take kaɗe musu ƙura. Kowanne yana da 'yar hular ƙarfe a wuya, da wata waya mai ƙafa biyu da ke buɗewa a ciki ta riƙe shi. Sai an duba hular ta zauna kafin a rataya. Na da a sama suke zama, can kusa da jikin bishiyar, inda hannun jikoki ba ya kaiwa. Na roba da aka sayo bara su ake barin wa ƙasa. Kuma ba a sa su inda rana ke faɗowa ta taga, tana cinye launi.

Daga baya da na koma gida na bi sawun abin, kuma labarin ya fi yadda na zata daɗi. Akwai wani ƙaramin gari a cikin dazuzzukan Turingiya a Jamus, sunansa Lauscha, wanda mutanensa suka gaji sana'ar gilashi tun ƙarshen ƙarni na 16. A tsakiyar ƙarni na 19 suka fara hura irin waɗannan ƙwallaye. Maigida ya zauna gaban wuta ya narka bakin bututun gilashi ya hura da bakinsa, mata da yara su yi fenti su sa hula, duk a cikin gida, kamar dai yadda gidajen Masaga a Bida ke narka kwalba su yi munduwa da duwatsun wuya. Da aka kawo wa garin iskar gas a 1867, suka samu wuta mai zafi wadda ba ta rawa, sai suka iya hura manya masu siririn jiki. A Ingila kuwa, wani zane da wata jarida ta buga a 1848, na Sarauniya Biktoriya da mijinta Albat, wanda Bajamushe ne, da 'ya'yansu sun kewaye bishiya mai ado, shi ya sa kowa ya ce shi ma sai ya yi. A 1880 ɗan kasuwar Amurka F. W. Woolworth ya fara sayar da su a kantinsa, daga nan suka bazu duniya, har wani kwali ya biyo wata ma'aikaciyar jinya zuwa gindin dutsen Wusasa.

'Yan ajin kimiyya, ga naku. Sheƙin nan ba a waje yake ba, a ciki yake. Ruwan sinadarin azurfa ake ɗurawa a cikin ƙwallon, a haɗa da wani ruwa mai sukari, a girgiza cikin ruwan zafi, sai azurfar ta fito ta kwanta a jikin gilashin. Shi ne dai gwajin madubin azurfa da muke haddacewa a kemistiri saboda jarrabawa, wanda ni ban taɓa ganin an yi a kwalbar gwaji ba, sai ga shi na riƙe a hannu. Abin da ya fi ba ni mamaki kuma, langar Inna ma gilashi ce. Abin da muke kira fentin kwano garin gilashi ne ake shafawa a jikin ƙarfe, a gasa a wuta mai zafin da ya kai wajen digiri 800, ya narke ya bi jiki. Shi ya sa in langa ta faɗi ba lotsawa kawai take yi ba, ɓamɓarewa take yi, ka ga baƙin ƙarfe a ƙasa.

To, saura abin da nake ta kewaye-kewaye don kada in faɗa.

Mun rataya shida lafiya. Na bakwai shi ne shuɗin mai fure. Na riƙe shi ta zaren, ba ta jiki ba, duk da an gaya mini, don ina tsoron kada yatsuna su matse shi. Ina miƙa hannu sai na ji zaren ya yi sako-sako. Hular ta zare ta bar shi. Bai faɗa kan bargo ba, gefen bokitin ya samu. Ƙarar ba ta kai ta fashewar ƙwai ba, wani ɗan "tas" ne kawai, sai ga shi ya zama ɓarɓashi mai ƙyalli a kan siminti, hular na lilo a hannuna.

Ban san lokacin da na sauko ba. Na durƙusa ina cewa, "Mama, ku yi haƙuri, don Allah ku yafe mini, zan saya muku wani." Ina faɗa ina jin wautar maganar. A wace kasuwa?

Sista ta daɗe ba ta ce komai ba. Ta cire gilashinta ta goge da bakin zane. Ba zan yi muku ƙarya in ce murmushi ta yi ba. Idonta ya kawo ruwa, kuma na gani. Can ta ce, "Wannan shi mahaifiyata ta fi so." Ta sake yin shiru. Sannan ta ce, "Kada ki sa hannu, yana shiga fata. Jiƙo tsumma ki dangwale." Na kwashe tas, ta sa na ƙunshe a cikin takardar jaridar da ya fito daga ciki, hular kuma ta karɓa ta jefa a gwangwani. Na leƙa, sai na ga wasu huluna biyar a kwance a ƙasan audugar.

Muna cikin haka ta gaya mini abin da Inna ba ta gaya mini ba. Gidan da take haya shekara da shekaru magada sun sayar, wanda ya saya shaguna zai yi, an ba ta zuwa ƙarshen Fabrairu. Za ta koma wurin ɗanta a Kaduna. Wannan ce Kirsimetinta ta ƙarshe a Gyaɗi-Gyaɗi.

Da na koma gida na faɗa wa Inna da bakina kafin ta ji a wani wuri. Na shirya wa faɗa. Ta ce, "Wanne?" Na ce shuɗin. Ta ce, "Kash." Ba ta ƙara ba, sai bayan isha'i na ga ta yafa mayafi ta ɗauki sandarta ta fita, ta fi awa ɗaya a gidan Sista. Washegari da muka zo mayar da tangaran cikin kabad, na ce ko a jira 'yar Baffa ta zo ta yi, ni hannuna rawa yake. Inna ta ce, "Ke za ki yi. Wanda bai taɓa fasawa ba shi nake tsoro." Na mayar da farantai 18 da kofuna 12, ina yi ina zufa a cikin sanyin nan.

Ranar 25 ga wata Sista ta aiko da shinkafa da kaza da cincin a cikin wata samira mai zanen fure, na duba na ga irin na sahun Inna ne na biyu. Kazar ma, in ji yaron da ya kawo, Malamin layin aka kai wa ya yanka, kamar kowace shekara. Aka yi biki aka gama, baƙi suka shiga ɗakin Inna suna ta ɗaukar hoto da waya a gaban jere, har da waɗanda nasu iyayen suka daɗe da sayar wa 'yan gwangwan. Na dawo Zariya ana jibi sabuwar shekara.

Mako guda da komawarmu makaranta Inna ta sa aka kira mata ni a wayar Baba. Ta ce Sista ta dawo da gwangwani, guda 6, ta ƙirga da kanta. Wai ba za ta tafi da su Kaduna ba tukuna, ba ta yarda da hanya ba, ba ta yarda da 'yan dako ba, kuma gidan ɗan nata yara huɗu ne. In Disamba ta zagayo za ta aiko a karɓa, ko kuma ni in kai mata tunda Zariya ce a tsakiya. Na ce, "Ni kuma, Inna?" Ta ce, "Ke ta ce."

Na tambaye ta maganar Baffa da tayil ɗinsa. Ta ce ya sake tayar da ita shekaranjiya, har ya zo da mai awo. Ta ce masa ya je ya dawo, akwai ajiyar mutane a kwalla ta uku, kuma ba a taɓa sahun ƙasa sai an sauke na sama.